KOFIN AL'ADA DA TSABTAR GARURUWANMU



An ɗora mini nauyin in yi muku bayani a kan wani al'amari wanda muka saba rufawa, watau jinin al'ada da kayan da mata ke tare shi da su. Tun da farko ina neman gafarar iyayena da ke zaune a nan, domin tilas in ambaci waɗansu abubuwa da kunya ta hana a faɗa a gaban manya. Dalilina kuwa shi ne, abin da ake jin nauyin faɗa a zaure, shi ne yau muke gani a fili cikin lambatu da juji da bakin rafi. Tun da ya riga ya fito fili, gara mu zauna mu yi shawara a kansa. Ni ba likita ba ce, aikina shi ne in tattaro abin da masana suka tabbatar in juya shi cikin harshen da kowa zai gane, saboda haka duk inda magana ta kai ga hukuncin likita zan mayar da ku gare shi.

LISSAFIN ABIN DA MUKE ZUBARWA

Yarinya takan fara al'ada tana da shekara 12 ko 13, ko kusa da haka, ta kuma ci gaba har wajen shekara 50. Idan kwana 28 ne ke tsakanin al'ada da al'ada, to, a shekara guda za ta yi sau 13. Mu ɗauka cewa kowane karo tana amfani da audugar mata guda 12. A shekara ta zubar da 156 ke nan, a shekara goma kuwa 1,560. Wannan lissafin mace ɗaya ne tak. Sai kowa ya dubi gidansu, ya dubi unguwarsu, sa'an nan ya tuna da makarantun kwana na 'yan mata da ke ko'ina a ƙasar nan, zai ga yawan abin da ake magana a kai.

Ko da yake muna ce mata auduga, ba auduga zalla ba ce. Idan aka yaga ta za a tarar da shimfiɗa uku. Ta sama ita ce ke taɓa jiki, ta tsakiya ita ce ke tsotse jini, kuma a yawancinsu akwai wani gari a cikinta mai kumbura idan ya jiƙa, ta ƙasa kuwa leda ce da aka shafa wa danƙo don ta manne. Ga kuma ledar da aka naɗe kowace ɗaya, ga ta ƙunshin gaba ɗaya. Leda kuwa kowa ya san halinta, ba ta ruɓewa kamar ganye ko tsumma, sai dai ta daɗe tana marmashewa a cikin ƙasa.

INA AKE KAI TA?

Mace mai kamun kai ba ta so wani ya ga abin da ta yi amfani da shi. Saboda haka wata takan wanke ta tukuna, ta naɗe a baƙar leda, ta jefa a masai. Wata ta tura ta cikin bayan gida na zamani, wata ta jira dare ta kai juji, wata kuma ta ƙona. Babu laifi a kan matan, domin ba a tanadar musu wata hanya ba. Amma kowace daga cikin hanyoyin nan tana da abin da take jawowa.

Wadda aka jefa a masai ba ta narkewa, sai ramin ya cika tun lokacinsa bai yi ba, maigida ya biya kuɗin yasa ko na haƙa sabo, masu yasar kuma su sha wuya. Wadda aka tura a bututu takan kumbura ta toshe shi. Wadda aka kai juji, karnuka su tone, iska ta kwasa, ruwan sama ya ja ta zuwa lambatu ta haɗu da ledojin ruwan sha, idan damina ta kankama ruwa ya rasa hanya ya shiga gidajen mutane. Dabbobinmu da ke kiwo a juji suna haɗiyar leda, mahauta kuwa shaida ne a kan abin da suke tararwa cikin tumbin shanu da awaki. Wadda aka ƙona a tsakar gida, hayaƙin roba ne yara ke shaƙa.

Hukumomi sun farga da ɓarnar leda da roba. Alal misali, a farkon shekarar 2024 Gwamnatin Jihar Legas ta hana amfani da fararen mazuban abincin nan marasa nauyi da ake yarwa bayan ci ɗaya, saboda yadda suke toshe magudanan ruwa. Sai dai doka ba za ta iya hana mace abin da za ta tare jini da shi ba. Abin da ya rage shi ne a nemo abin da zai yi aikin ba tare da ya bar tulin shara ba.

MENE NE KOFIN AL'ADA?

Wani ɗan ƙaramin mazubi ne mai laushi, siffarsa kamar ƙararrawa da aka kifa baki sama, da 'yar wutsiya a ƙasa wadda ake laluba idan za a cire. Yawanci ana yin sa da wata irin roba da ake kira silikon, irin wadda ake yin waɗansu kayan asibiti da ita. Mace takan ninke shi ta sa a gabanta, ya buɗe a ciki ƙasa da bakin mahaifa, ya manne da jiki, jinin ya riƙa zuba a cikinsa. Bambancinsa da auduga ke nan: auduga tsotsewa take yi a yar da ita, shi kuwa tarawa yake yi, a zubar, a ɗauraye, a mayar. Gwargwadon girmansa yana ɗaukar mililita 10 zuwa 38. Jinin da yawancin mata ke zubarwa a dukan kwanakin al'ada bai fi mililita 30 zuwa 40 ba, watau kamar babban cokali biyu ko uku. Idan an kula da shi, kofi ɗaya yana iya kai shekara goma.

Kada a ɗauka sabon abu ne da ake so a gwada a kanmu. Wata Ba'amurkiya mai suna Leona Chalmers ita ce ta yi rajistar irinsa a 1937, nata na roba ne mai ɗan tauri, kuma ƙarancin roba a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya tsayar da yin sa. An sake fito da wani na roba a Amurka a 1987, sa'an nan a 2002 aka fito da na silikon a Ingila, wanda daga nan ne abin ya fara yaɗuwa a duniya. Mu ma a nan tunanin a wanke a sake amfani ba baƙo ba ne. Kakanninmu da ƙunzugu suka yi zamaninsu, suna wankewa suna shanyawa, ba su bar wa kowa juji ba. Aibin ƙunzugu shi ne yakan yi yoyo, kuma saboda kunya akan shanya shi a lungu inda rana ba ta kai, ya yi danshi ya zama gidan ƙwayoyin cuta.

ABIN DA BINCIKE YA NUNA

A shekarar 2019 mujallar likitoci ta Lancet Public Health ta buga wani nazari da masana na Makarantar Koyon Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta birnin Liverpool suka jagoranta. Sun tattara bincike 43 da aka yi a ƙasashe masu arziki da matalauta, wanda ya shafi mata da 'yan mata fiye da 3,300. Ga abin da suka samu a taƙaice. Yoyon kofin bai fi na auduga ba, a wani binciken ma bai kai nata ba. Ba a ga ya ƙara yawan ciwon sanyi ko ya ɓata lafiyar gaban mace ba. Kashi 73 cikin ɗari na waɗanda aka tambaya sun ce za su ci gaba da amfani da shi bayan an gama binciken.

Sun kuma yi lissafin shekara goma, suka kwatanta kofi ɗaya da auduga 12 a kowane karo. Sharar roba da kofin zai bari kashi 0.4 ne cikin ɗari na wadda audugar za ta bari, watau inda auduga ta tara mudu dubu na shara, shi mudu huɗu zai tara. Kuɗin sayensa kuwa kashi 5 ne cikin ɗari na abin da za a kashe wa auduga a wannan tsawon lokaci.

Akwai wani binciken da ya fi kusa da halin da muke ciki, wanda aka buga a 2016. An yi shi a makarantun firamare 30 na karkara a yammacin Kenya, tsakanin 'yan mata masu shekara 14 zuwa 16. An tarar cewa waɗanda aka ba kofi ba su kamu da wani irin ciwon sanyi na ƙwayoyin cuta kamar sauran ba. Amma gaskiya ɗaya ce, binciken bai nuna cewa ba da kofin ko audugar ya rage barin makaranta ba. Darasin da ni na ɗauka a nan shi ne, kayan tare jini kaɗai ba sa riƙe yarinya a aji, sai an haɗa da ruwa da makewayi mai ƙofa da kuma iyaye masu tsayawa a kan karatunta.

YADDA AKE AMFANI DA SHI

Duk amfanin da na lissafa ya rataya ne a kan tsabta. Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana mata su riƙe waɗannan ƙa'idodi.

Na farko, kafin a fara amfani da sabon kofi, da kuma bayan an gama al'adar kowane wata, a tafasa shi minti 5 zuwa 10 a cikin tukunyar da aka keɓe masa. A sa ruwa isasshe don kada ya taɓa gindin tukunya ya ƙone.

Na biyu, a wanke hannu da sabulu da ruwa mai tsabta kafin a sa, da kuma kafin a cire. Mai dogon farce ta rage shi.

Na uku, a tsuguna ko a ɗaga ƙafa ɗaya, a saki jiki, a ninke kofin biyu, a tura shi ta wajen baya, a bar shi ya buɗe. Idan ya zauna daidai ba a jin sa. Idan ana jin tsikari, ko dai bai shiga sosai ba, ko wutsiyar ta yi tsawo.

Na huɗu, a zubar da jinin bayan awa 4 zuwa 12 gwargwadon yawan zubarsa. Kada a wuce lokacin da aka rubuta a takardar da ta zo da shi, ko da bai cika ba.

Na biyar, wajen cirewa kada a fizgi wutsiyar. A matsa gindin kofin da yatsa biyu har iska ta shiga ya saki jiki, sa'an nan a zaro a hankali. A juye a masai, a ɗauraye da ruwa mai tsabta, a mayar. Wadda za ta fita, ta riƙe ruwa a gora ko buta.

Na shida, kada a wanke shi da sabulu mai ƙamshi, ko ruwan kashe ƙwayoyin cuta, ko na cire datti daga tufafi, kuma kada a shafa masa man shafawa. Idan an gama, a bar shi ya bushe a ajiye shi a 'yar jakar yadi inda iska ke shiga.

Na bakwai, ba a aron kofi, ko tsakanin uwa da 'ya, ko ya da ƙanwa. Idan ya tsage ko ya fara yauƙi, lokacin canji ya yi.

Kada wadda ta gwada ta karaya a watan farko. Yawanci sai an yi wata biyu ko uku kafin hannu ya saba, kuma babu laifi a haɗa da auduga a wannan lokaci. Sannu ba ta hana zuwa.

TAMBAYOYIN DA AKE YAWAN YI

Shin zai iya ɓacewa a ciki? Ba zai iya ba. Bakin mahaifa ƙanƙane ne ƙwarai, babu hanyar da kofi zai wuce. Idan ya hau sama, a tsuguna a yi ɗan nishi zai sauko. Idan ya ƙi, a je wurin ungozoma ko nas, kada a sa wani abu mai tsini.

Shin yana hana fitsari? Hanyar fitsari dabam take, saboda haka ba sai an cire ba.

Shin yana hana ɗaukar ciki ko yana jawo rashin haihuwa? Ba ya yin ko ɗaya. Ba maganin tazarar haihuwa ba ne, ba ya kuma kare mace daga cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.

Shin ya canja hukuncin haila? Mace mai kofi tana cikin al'adarta kamar mai auduga, don ba a ga jini a waje ba bai nuna ya ɗauke ba. Abin da ya shafi ibada kuwa, kowa ya tambayi malaman addininsa.

To, budurwa fa? Wannan ita ce tambayar da ta fi damun iyaye, kuma ba zan kauce mata ba. Kofi abu ne da ake sawa a ciki, saboda haka yana iya buɗa tantanin budurci ko ya ɗan yaga shi. Likitoci sun bayyana cewa tantanin nan ya bambanta daga mace zuwa mace tun daga haihuwa, kuma ba ya zama tabbatacciyar shaida a kan halin yarinya. Duk da haka mun san matsayin wannan magana a gidajenmu. Akwai ƙananan kofuna da aka yi domin 'yan mata, amma shawara ce tsakanin yarinya da mahaifiyarta, kada a tilasta wa kowa. Wadda ba ta natsu ba, akwai audugar yadi da ake ɗinkawa mai maɓalli, wadda ake wankewa a shanya a rana. Ita ma tana rage shara ƙwarai.

WAƊANDA YA KAMATA SU DAKATA

Mai jego kada ta sa kofi don jinin biƙi, sai bayan mako shida, kuma sai ma'aikaciyar lafiya ta duba ta. Haka nan wadda ta yi ɓari ko aka yi wa aiki ta gaba. Wadda aka sa wa robar tsarin iyali a mahaifa ta fara shawartar wadda ta sa mata, domin a nazarin 2019 an sami mata 13 da robar ta goce musu suna amfani da kofi. Wadda aka yi wa kaciya ko yankan gishiri, da mai fama da yoyon fitsari, da mai ƙaiƙayi ko fitar ruwa mai wari, duk su ga likita tukuna.

Akwai kuma wata cuta mai tsanani da gubar ƙwayoyin cuta ke haddasawa idan abu ya daɗe a cikin jiki. Ba kasafai take aukuwa ba, mata biyar aka ruwaito a wancan nazari, amma tana iya kisa. Alamunta su ne zazzaɓi mai zafi farat ɗaya, amai ko zawo, jiri, da jan ƙuraje a fata. Wadda ta ga haka ta cire kofin nan take, a kai ta asibiti, a kuma gaya wa likita abin da take amfani da shi. Kada kunya ta sa a ɓoye.

Kofi yana da wani amfani ta wannan fuska. Tun da ana ganin yawan jinin, mace za ta gane idan ya wuce kima. Wadda kofinta ke cika kowace awa ɗaya ko biyu, ko al'adarta ke wuce kwana bakwai, ko take ganin manyan gudaji, ta je a auna ta, domin yawan zubar jini yana kawo ƙarancin jini da kasala.

Inda kuwa ruwa mai tsabta ke wuyar samu har ba a iya wanke hannu, kada a fara da kofi. A fara da neman ruwan.

WAJEN SAYE

Araha ba ta ado. Abin da zai zauna a cikin jikin mutum ba a sayen sa a tire a bakin tasha. A saya a kemis da aka sani ko ta hannun asibiti, a duba ƙunshinsa a rufe yake, da sunan kamfani da takardar bayani, a kuma tabbata an rubuta cewa silikon ɗin na aikin lafiya ne. Hukumar NAFDAC ita ce ke kula da rajistar magunguna da kayan aikin lafiya a ƙasar nan, wanda ya yi shakka ya nemi bayani a wurinta. Yawanci girma biyu ne, ƙarami ga wadda ba ta haihu ba, babba ga wadda ta haihu.

Haƙiƙa kuɗin kofi ɗaya ya fi na ƙunshin auduga ɗaya nesa, kuma a nan ne talaka ke tsayawa. Dokar Kuɗi ta 2019 ta cire harajin sayen kaya daga audugar mata da ake yi a cikin gida, wannan kuwa sauƙi ne, amma auduga kowane wata sai an saya. Shi kofi sau ɗaya ne a shekaru. Ƙungiyoyin mata da ke adashe suna iya keɓe zubi ɗaya don wannan, su saya da yawa a samu rangwame, su kuma gayyaci ungozoma ta koya musu a ɗaki.

KIRA GA KOWA

Ga magidanta, kayan al'ada na matanku da 'ya'yanku suna cikin ɗawainiyar gida kamar hatsi da sabulu. Yarinyar da ta rasa kuɗin auduga, ta kuma ji kunyar tambayar mahaifinta, za ta nema a wani wuri, kuma ba kowane mai bayarwa ne ke bayarwa don Allah ba. Ku tambayi iyalinku abin da suke bukata.

Ga shugabannin makarantu, a tanadi makewayi na 'yan mata dabam, mai ƙofa da sakata da ruwa a ciki. A makarantun kwana a keɓe wurin tafasa kofi da igiyar shanya inda rana ke bugawa.

Ga ma'aikatan lafiya, ku koyi yadda ake amfani da shi don ku iya koyarwa, ku kuma karɓi mai tambaya da fuska a sake.

Tun daga 2014 aka keɓe ranar 28 ga watan Mayu a matsayin Ranar Tsabtar Al'ada ta Duniya. An zaɓi 28 saboda kwanakin da ke tsakanin al'ada da al'ada, aka zaɓi wata na biyar saboda kwanakin da jini yakan yi. Ina fatan kowace ƙungiya da ke nan za ta yi amfani da wannan rana ta tara matan unguwarta a yi irin wannan tattaunawa.

Ba na cewa kowace mace ta bar auduga gobe. Roƙona shi ne wadda ke da lafiya da ruwa da hali ta je wurin ma'aikaciyar lafiya ta nemi bayani, ta gwada na wata uku, sa'an nan ta yanke wa kanta hukunci. Idan mata ɗari a unguwa ɗaya suka koma kofi, auduga 15,600 ce ba za ta shiga masai da lambatun unguwar ba a shekara guda.

 Wadda ke da tambayar da ba ta son yi a gaban jama'a, ta rubuta a takarda ba tare da suna ba, za a amsa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum.